Gishirin Man-seok

Shekara sittin da ɗaya ke nan gidan abincinmu na unguwar Mapo, a birnin Seoul, yana sayar da abu ɗaya tak, romon ƙashin shanu, fari fat kamar madara. Ashirin da shida daga ciki ni ce a bakin tukunya. Amma hoton da ke ƙofa na mijina ne, Man-seok, ya ɗaure goshi da farin ƙyalle, ya harɗe hannuwa. Aikinsa ke nan a gidan, harɗe hannuwa.

Da ciwon gwiwa ya zaunar da surukata, sai ta ce ranar da 'yan talabijin za su zo ɗaukar shiri a gidanmu za ta miƙa ludayin gidan ga magaji. Kowa ya san ɗanta take nufi. Abin ya ci min rai ƙwarai, amma na haɗiye.

Ranar kuwa Man-seok ya sha sabon ƙyalle, ya yi ta zuba game da sirrin kakanni. Mai gabatar da shirin ta ce, "Maigida, a ɗanɗana mana mu gani."

Ya kurɓa daga tukunya, ya yatsine fuska, ya juyo gare ni. "Maman Hye-rin! Yau kika ga damar manta gishiri? A gaban baƙi?" Kafin in buɗe baki ya dumbuzo gishiri ya watsa a romon da ya kwana a wuta.

Tsoho Gu, wanda yake cin abincinmu tun Man-seok yana goye, ya ajiye cokali. "Kai shugaba! Gishirin da ke kan kowane tebur fa, ado ne?"

Kaf Seoul ba mai sa wa wannan romo gishiri a tukunya, kowa shi yake sa wa kwanonsa daidai bakinsa. Man-seok kaɗai bai sani ba. Shekara ashirin da bakwai uwarsa tana sa masa kafin ta kai masa, ni kuma na ɗora daga inda ta tsaya.

Surukata ta dube shi. "Ni na ɓata ka," ta ce, sannan ta miƙo min ludayin. "Riƙe, 'yata. Hoton ƙofa a bar shi, yana rufe tsagar da ke gilashin wurin."

Da rana na ajiye masa kwanonsa, na tura masa gishiri. Ya yi ta juya ƙaramin cokalin, can ya ce a hankali, "Nawa nake sawa?"

Ɗaya da rabi ne. Na koma bakin tukunyata ban faɗa masa ba.