Kyamarar Gidan Alhaji Sama'ilu

A shekarar da sata ta yi ƙamari a ƙauyukan Tsanyawa, har buhun gero ma ba a ƙyalewa, ɓarayi suka haura katangar Malam Khalilu suka kwashe masa tumaki. Malamin Islamiyya ne, yana kuma taɓa noman gyaɗa. Ɗansa Ja'afaru da ke aiki a Kano ya dage sai an sa kyamara a gidan, ya turo masa wani mai wannan sana'a da ake kira Basiru.

Basiru ya iso da hantsi. Aka yi masa shimfiɗa a zaure, Kaltume matar Malam ta aiko da fura. Ya zazzage jakarsa ya nuna kyamarori masu aiki da hasken rana. Ya ce tsarin iri biyu ne: ko mai gida ya riƙa dubawa da kansa a waya, ko kuwa ma'aikatansu da ke ofis a birni su riƙa kallo dare da rana, da sun ga baƙon motsi su kira 'yan sintiri. Malam ya fi karkata ga na biyun, don idonsa ba ya jure kallon waya.

Don ya nuna ingancin kayansa, Basiru ya matso ya miƙa masa wayarsa. Malam ya zaci ƙofar wani gida zai gani. Sai ga tsakar gida, ga wata mata da ɗaurin ƙirji, kai ba ɗankwali, ta fito daga banɗaki riƙe da buta. Nan take ya gane gidan Alhaji Sama'ilu mai shagon taki. Matar kuwa Hajiya Larai ce, matar Alhajin, wadda ko muryarta bai cika ji ba.

"Ka ga yadda hoton ya fito tangaran?" in ji Basiru yana dariya. "Yaran ofis har suna suka raɗa mata."

Malam ya kawar da kai. Ya ture ƙwaryar furar gefe, ya ce wa baƙon ya tattara kayansa. Basiru ya shiga bayanin cewa ai Alhaji ne da kansa ya ce a kafa ɗaya ta fuskanci rumbu. Ko rakiya Malam bai yi masa ba.

Bayan la'asar ya sami Alhaji a shago, ya ja shi gefe ya gaya masa. Alhaji ya ce tun da aka kafa abin ko kaza bai rasa ba. Roƙonsa ɗaya, kada maganar ta kai kunnen mata. Malam ya juya ba sallama.

Da Ja'afaru ya kira yana lallashi, wai zamani ne ya zo da haka, Malam ya ce masa, "Ɓarawo tumaki ya ɗauka, bai tsaya kallon uwarka ba."

Malam da ƙanensa Iliyasu suka ƙara wa katanga tsawo, suka jera ƙayar magarya a kai. Maganar Alhaji kuwa bai riƙe ta ba, ya gaya wa Kaltume duka. Ta zura hijabi ta nufi gidan Alhaji. Da ta dawo ta ce Hajiya Larai ta sauko da kyamarar da taɓarya, ta kuma tafi gidan iyayenta a Zakirai.