Jar Fitila da Soyayyar Ayaba

Ku gafarce ni, ban taɓa rubuta labari ba, wannan ma da ƙyar na yi ƙarfin hali.

Fitilar bangon ofis ta koma ja, Wulan ta zuba mata ido. A kamfaninsu na birnin Yogyakarta yanzu kwamfuta ce ke gwada kowane sabon gyaran manhaja da kanta. In fitilar ta yi kore aiki ya wuce, in ta yi ja ba abin da zai fita. Wanda ya jawo ja kuwa shi zai sayo wa kowa soyayyar ayaba.

"Yau mun dace!" in ji Danang, maƙwabcin teburinta. "Wulan, tawa mai zafi, ban da ƙonanniya."

Gwajin da ta rubuta ne ya faɗi. Manhajar karɓar layin asibiti ce, yau za a sake ta, yau kuma za a yanke ko za a riƙe Wulan aiki.

Mas Hendro, wato Yaya Hendro, shugaban sashensu, ya tsaya a kanta. "Ƙanwata, me kika zuba a ciki?"

"Suna ne kawai, Mas. Sumiyati. Sabon gyaran ba ya karɓar mutum sai da sunan dangi."

"To ki ƙara mata mana! Sumiyati Wijaya, shi ke nan, ta yi kore."

"Ai ba ta da shi. Sunanta ɗaya tun haihuwa."

"Wace ce?"

"Mamata."

Ya dafe goshi. "Tawa uwar ma haka take. Amma waɗanda suka ba mu aikin can ƙasar waje suke, kore kaɗai suke gani. Mu gyara mako mai zuwa. Kafin in dawo daga masallaci in tarar da kore, kin ji?"

Maza suka fice Juma'a. Wulan ta rubuta Wijaya, yatsanta na shawagi kan maɓalli. Sai a ranta ta hango uwarta a bencin asibiti, ta nisanta waya da idanunta, tana ta dannawa manhajar na ƙin karɓarta, tana zaton laifinta ne.

Ta goge Wijaya, harafi bayan harafi. Fitila na nan ja.

Ta ɗauki jakarta. Cikin matan da suka rage ba wadda ta ɗago kai. Ta sulale ta ƙofar baya, ta nufi wajen mai ayaba.