Taliya Mai Cuku don 'Yar Fari

Ranar Laraba da yamma na ɗauko matata Sailuba daga asibitin da take aikin jinya a nan Largo, a ƙasar Amurka. Ko bel ɗin mota ba ta gama ɗaurawa ba ta ce, "Baban Zahra, Afnan ta ce ba za ta yi hutun Nuwamba a gida ba. Gidan su ƙawarta Olive za ta je."

Na ce, "Wani abu aka yi mata?"

"Kai za a tambaya."

"Ni? Me na yi?"

"Ba ka yi komai ba, shi ne ma abin. Ta ce a can baban Olive tun daga bakin ƙofa yake kiran sunanta, kai kuwa tun da ta yi wayo ba ta taɓa jin sa a bakinka ba. Har tambayata ta yi, wai ko ɗa namiji ka so a haifa maka."

Na ja mota muka iso gida.

Yarinyar da take magana a kai ita ce 'yarmu ta fari. A garinmu, can wajen Kazaure, mutum ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi a gaban jama'a, ba ya yabonsa. Mahaifina har ya koma ga Allah "wancan" yake ce wa yayana, kuma kowa a gidan ya san wanda ya fi so a cikinmu. Sailuba ta yar da tata kunyar tun a ɗakin haihuwa, don a ƙasar nan duk inda ka shiga sai ka faɗi sunan yaro. Ni na kasa. In makaranta suka tambaye ni, harafi-harafi nake jera musu. A gida kuwa "ke" nake ce mata, ko "yayar Zahra". Ƙanwar tata ce nake ta kira da suna safe da yamma, har a yi ta dariya. Ban taɓa kawowa a raina cewa babbar tana saurare tana ajiyewa ba.

Aikina tuƙin motar da ke kai tsofaffi ganin likita, kuma a bakinsu na koyi yadda 'ya'ya ke barin gida a Amurka. Ba faɗa, ba hayaniya. Hutu ɗaya ake fara tsallakewa, sai na biyu, daga nan sai gaisuwa a waya. Wannan tunanin ya hana ni cin abinci.

Ranar Asabar yayar Zahra za ta zo daga jami'arsu a Baltimore ta ɗauki kayan sanyi. Na tambayi Zahra abincin da yayarta ta fi so, ina zaton za ta ce waina ko dambu.

Ta ce, "Taliyar maman Olive. Manya ne, kamar gidan katantanwa. Ana cusa musu cuku da sosej, a gasa."

"Sosej? Abin da ake ce wa tsiran alade?"

"Baba, kira ta ka ji."

Na kira maman Olive ɗin, Madam Selina, a Springfield. 'Yar Jos ce, Hausarta ta fi tawa sauri.

"Malam Sabo, kai da kanka za ka shiga kicin? Yau sai ruwa da ƙanƙara!"

Na yi mata tambayar da ke damuna. Ta ce in kwantar da hankalina, duk ranar da 'yata za ta je gidansu, na shanu take sayowa a wani shagon halal a Annandale. Na yi mata godiya, amma a raina wani abu ya tsaya. Ga mace tana ƙetare gari don bakin 'yata, ni ban ma san abin da yarinyar ke so ba.

Ta faɗa mini komai dalla-dalla, sannan ta ce, "Abu ɗaya zan roƙe ka. Kada ka bari taliyar ta nuna. Ka sauke ta da sauran ƙarfinta, a obin za ta ƙarasa wajen gashi. Ka ji ni?"

Na ce na ji.

Asabar da safe Sailuba ta tafi aiki, ni kuma na haye gada zuwa Annandale. A hanya na rufe gilasai na ce bari in gwada kiran sunan nata. Na buɗe baki, harafin farko ya fito, sauran suka maƙale. Na sake, sai na ga wani direban babbar mota yana kallona daga sama, na mayar da abin hamma. A shagon na sa mai nama ya tabbatar mini sosej ɗin na shanu ne har ya fara jin haushi. Na sayi farin cuku mai laushi da ake kira rikota, da wanda ake barbaɗawa a sama ya narke, da miyar tumatir ta kwalba. Taliyar kwali biyu na ɗauka, don ni ba na yarda da abu ɗaya.

Da farko komai ya tafi daidai. Na ɓare wa sosej fatarsa, na farfasa shi a kasko da albasa da tafarnuwa har ƙamshi ya cika gidan. Na ɗanɗana farin cukun, na ji kamar kindirmon da aka tace, ba gishiri ba tsami. Na ce wannan ba zai yiwu ba, na daka attaruhu na zuba, na ƙara ɗan yajin da aka aiko mana daga gida. Na fasa ƙwai, na yanka alayyaho, na cakuɗa su duka.

Sai taliya. Da lokacin da aka rubuta a jikin kwalin ya cika, na tsamo ɗaya na ciza. Tauri a tsakiya. Na tsaya da cokali a hannu ina tunani. Yarinyar da ke fama da abincin makaranta, ta zo gidan ubanta a ba ta ɗanyar taliya? In cikinta ya ɓaci fa? Madam Selina mutuniyar kirki ce, amma ta daɗe a ƙasar nan. Na ƙara ruwa, na rufe tukunya, na tafi na yi la'asar.

Da na dawo na tsiyaye, sai na ga abin da na yi. Duk wadda na ɗaga sai ta yage a hannuna kamar tsohon zani. Na gwada cusa wa ɗaya, cukun ya fito ta ƙasa. Ina tsaye ina lallaɓa ta biyar ko ta shida na ji an buɗe ƙofa. Sailuba ce, ta biya tashar jirgin Largo ta ɗauko 'yar tamu.

Zahra ta riga kowa shigowa kicin. Ta leƙa kwanon, ta kama ciki. "Afnan, zo ki ga! Baba ya yi fate!"

Ta shigo da jaka a kafaɗa. Ta rame, ko dai idona ne. Ta ɗan rusuna ta ce, "Ina wuni, Baba."

"Lafiya lau. An zo lafiya? Ya karatu?"

"Alhamdu lillahi." Ta dubi kasko, ta dubi kwanon cuku, ta dubi gabana da tumatir ya ɓata. "Wa ya ce maka ina son wannan?"

"Ji na yi."

"Har ta nuna ka bari, ko?"

"Ai ɗanya ce."

Ta so ta daure, amma dariya ta ƙwace mata. Na nuna mata kwali na biyu. Ta ajiye jaka, ta wanke hannu, ta ɗora sabon ruwa. Sailuba ta ja Zahra suka haura sama, wai za su nemo kayan sanyin.

Yayar Zahra ce ta sauke taliyar, ta zuba mata ruwan sanyi, ta baza a faranti don kada su manne. Ta shimfiɗa miyar tumatir a ƙasan tiren gashi. Muka tsaya kafaɗa da kafaɗa, kowa da ƙaramin cokali. Ta nuna mini yadda ake matsa bakin kowace ɗaya da yatsa biyu ta buɗe, a cika ta, a jera. Nata suna fitowa tsaf, nawa kamar an yi musu kumburi.

Na ce, "Ke, miƙo mini wancan cokalin."

Hannunta ya tsaya. Ba ta ɗago ba ta ce, "Baba, 'ke' ba sunana ba ne."

 Na ce, "Na sani. Ni na raɗa miki shi a kunne ranar suna."

"To ka ga, ka iya ke nan."

"Lokacin ba ki san komai ba." Na goge hannu a jikin riga. "Kin san a wajenmu, wanda aka fi jin kunyarsa..."

"Mama ta yi mini bayani tun ina firamare. Kaina ya gane. Amma in ka shigo gida kana Zahra kaza, Zahra kaza, ni kuma ka wuce ni kamar mai haya, ba bayanin nake tunawa ba." Hausarta tana tuntuɓe, tana cike gurbin da Turanci, amma ba abin da ya wuce ni. "Ranar da na gama sakandare kowane uba yana ihu da sunan 'yarsa. Na neme ka, na gan ka kana duba takalminka."

"Kuka nake ɓoyewa."

Ta juyo ta kalle ni. "Da gaske?"

"Ga Martins baban Olive a gefena. In bar shi ya gani?"

 Ta zuba sauran miyar a kai, ta barbaɗa cukun narkewa, ta rufe tiren ta tura obin. Na buɗe baki a bayanta, na ce yanzu ne. Babu abin da ya fito. Ta wanke hannu ta haura wajen uwarta, ta bar ni da wanke-wanke.

Bayan magariba muka zauna a tebur. Tiren yana ta tafasa a gefe-gefe, saman ya yi ja-ja, in an ɗaga ɗaya sai cuku ya biyo ta yana miƙewa. Jakar kayan sanyinta tana bakin ƙofa, a shirye. Na san in aka tashi daga teburin nan ba tare da na yi ba, to shi ke nan, sai dai in ci gaba da jin labarinta a bakin Sailuba.

Zahra ta kai loma ta farko ta fara hura baki. "Wayyo! Wa ya sa attaruhu a abincin Italiya?"

Sailuba ta ce, "Wa kike zato? Ci ki yi shiru, ya fi daɗi a haka."

Na ɗauki babban cokali na ɗebo guda biyu masu kyau, daga waɗanda ta cika da hannunta. Miya ta ɗiga a kan tebur. Ban dubi kowa ba, tiren na duba.

Na ce, "Afnan, kawo farantinki."

 Sailuba, wadda ke kiran sunan nan kullum ba ko ɗar, ita ce ta ja gyale ta rufe fuska, tana cewa, "Innalillahi, Baban Zahra, a gabana?"

Zahra ta ajiye cokali. "Shi ke nan, Amurka ta gama da Baba."

Afnan ta riƙe farantinta ba ta miƙo ba. Idonta ya kawo ruwa, amma bakinta yana motsi irin na mai shirya tsiya.

"Ban ji ba."

"Kin ji."

"Wallahi Zahra tana surutu. Me ka ce?"

"Kada ki ga na sake miki."

"Baba, abincin yana hucewa."

 Na ce, "Afnan. Afnan, kawo farantin nan, kuma ki zo gida hutu."

Ta miƙo. Na zuba mata, ta sunkuyar da kai ta ci ɗaya gaba ɗaya kafin ta yi magana, tana share ido tana ɗora wa attaruhu laifi.

"Na riga na yi wa maman Olive alkawarin cin abinci ranar Alhamis ɗin hutun, ba zan saɓa ba. Amma a gida zan kwana, sauran kwanakin ma duka. Kai za ka zo Springfield ka ɗauke ni."

Na ce, "Wannan ai mai sauƙi ne."

"Ban da danna hon daga waje. Ka fito ka ƙwanƙwasa ƙofa, ka faɗa musu wadda ka zo ɗauka."

"A gaban Martins?"

"A gabansa."

Na dubi Sailuba ko za ta cece ni, na ga har yanzu tana cikin gyale, kafaɗunta suna girgiza.

Na ce, "To. Allah ya kai mu."