Ƙahon da Gado Ya Ƙi Kafawa

Shekarar da Nasara suka tashi Maraɗi daga cikin gulbi suka mayar da ita kan tudu, Tsahara ta fara ba ɗanta Rabo kunu. Wata uku da farawa yaro ya koɗe, ya daina rarrafe, ba ya son komai sai lasar ƙasar bango. Kakarsa Uwani, wadda ba a yi mata gardama a gidan nan tun zamanin kakan Rabo, ta ce mugun jini ne, a kai shi a cire.

Suka tafi rumfar Gado wanzami, ranar kasuwa. Gado ya wasa aska, ya ɗan tsaga bayan yaron. Daga nan hannunsa ya tsaya. Abin da ya gangaro bai kai a kira shi ja ba, tsararo ne kamar ruwan wankin nama. Ya ja fatar idon yaron ƙasa, ciki fari fat. Tsahara ta ga fuskar wanzami ta sauya.

"Mi kuke ba ɗan ga?" in ji Gado.

"Nono da kunun gero tatacce," in ji Tsahara.

"Ba wake, ba zogale, ba ɗan nama?"

Uwani ta karɓe maganar. "Nama ga jinjiri? Ya tashi da kwaɗai, yana leƙen tukunyar mutane? Kahwa ƙahonka, malam."

Gado ya mayar da ƙahon cikin zabira. "Iya, jinin da za ni ja, shi kaɗai ya rage mishi. In na ja, gawa za ku goya. Nonon uwa bai isa tai yanzu, kunu kau hwari bai yin jini."

Tsahara ta rungume Rabo. Da ƙafarta ta kawo ɗanta a ƙarasa shi, har tana sauri kada rana ta yi.

"Akwai wanzamai Tibiri," in ji Uwani. "Goya shi mu tahi."

Tsahara ba ta taɓa ce wa surukarta a'a ba, yau ma ba ta ce ba. Ta dai wuce wurin mai tsire da ke gefen rumfar, ta roƙi yankin hanta, ta tauna shi lilis, ta sa wa Rabo a baki a gaban kowa. Yaron ya yamutsa fuska, ya haɗiye da ƙyar, sannan ya sake buɗe baki.