Hannun Rigar Baba Yacuba

Shekara biyu bayan samun 'yancin kai, injin tsaga katako ɗaya ne a duk Gaya ta bakin iyakar Dahome, kuma Seyni kaɗai ya san kansa. Wani Bature da ya yi aikin gada ne ya bar masa shi. A wurinsa Seyni ya koyi ƙa'ida: a naɗe hannun riga, kada a kunna zarto babu murfi, in katako ya kusa ƙarewa a tura shi da sanda, ba da hannu ba.

Kafin zuwan Baturen, Seyni yaron Baba Yacuba ne, masassaƙin jiragen ruwa. Wata rana ya ɓata gungumen maɗaci, Yacuba ya tuɓe shi ya zane shi a bakin kogi, gaban mata masu wanki. Har da Balki, wadda Seyni yake nema. Ta yi dariya tare da sauran.

Da inji ya kafu, masunta daga Tounouga har Dahome suka bar jirgin da ake sassaƙawa suka koma na katako, aikin Yacuba ya mutu. Wata Talata da hantsi sai ga shi a rumfar Seyni, sanye da babbar rigarsa ta Juma'a.

"Seyni, aiki na zo nema. Itace dai itace ne, ko da inji."

"Haka ne, Baba. To, mu ga hannunka."

Da safen nan Seyni ya cire murfin zarton don ya wasa haƙoransa, bai mayar ba. Ya dubi murfin jingine da bango. Ya dubi hannun rigar tsohon yana reto har gwiwa. Sandar turawa tana ƙasa, ya ɗora ƙafa a kanta, ya tayar da inji.

Yacuba ya kama katakon da kyau, layinsa bai karkace ba. Seyni ya ji gargaɗin ya zo masa har baki. Saura taƙi biyu. Saura ɗaya. Ya haɗiye gargaɗin.

Rigar ce zarton ya fara kamawa, sannan ya ja abin da ke cikinta.

Seyni ne ya kashe injin, shi ya ɗaure dantsen da igiya, shi ya tare motar gyaɗa mai zuwa Dosso. Da jandarma ya zo tambaya ya ce, "Na faɗa masa ya tuɓe rigar. Kun san tsofaffi." Kowa ya san taurin kan Yacuba, ba wanda ya yi musu.

Bayan wata biyu Yacuba ya dawo, an yanke masa hannun dama daga gwiwar hannu. Seyni ya je gaishe shi da goro.

"An ce kai ka ɗaure mini hannun, ba don haka ba da na tafi," in ji tsohon. "Allah ya yi maka albarka. Ka yafe mini, na ɓata maka zarto."

"Ba komai, Baba. Haƙora biyu ne kawai suka karye."

Ya ba shi aikin share dusar katako. Shekara huɗu Yacuba yana shara da hagu, har ya rasu. In masu sayen katako sun taru, Seyni yakan kira shi, ya nuna masa da yatsan ƙafa inda tsintsiya ba ta kai ba.