Gemun Tambaya da Majalisar Dattawan Ruwa

Gonar Tambaya ita ce ta ƙarshe a bakin kanal, can inda ruwa ke isowa a gajiye, in ma ya ga damar isowa. A ranin bana tumatirinsa ya fara fure, ganye kuma ya fara lanƙwashewa. Mako biyu ke nan ba a sako masa ruwa ba, domin 'yan kwamitin ƙungiyar manoma samari ne, kowa ƙofar gonar ubansa yake buɗewa.

Da rigima ta yi yawa, aka taru a gindin mangwaro. Malam Mudassiru, malamin firamare da ba ya iya ganin taro bai koyar da shi ba, ya miƙe.

"Jama'a, ko a Abuja majalisa biyu ce, ta sama ita ce Majalisar Dattawa. Kalmar sanata ma da kuke ji, daga harshen Rumawan dā ta fito, asalinta tsoho ke nan. Tsofaffin gari suke tarawa su tsawata wa matasa."

"To, su waɗanda muke gani a talabijin, ƙeya na sheƙi fa?" in ji wani.

"Ba da su nake ba," in ji Malam.

Nan take aka amince a kafa majalisar dattawan ruwa, ita za ta riƙa yanke wanda za a buɗe wa ƙofa. Sharaɗin shiga ɗaya ne: sai wanda aka yi wa kaciya kafin ruwan madatsar Tiga ya shigo kanal. Ba wanda ya kawo zancen takardar haihuwa, don kowa ya san yadda ake samunta.

Tambaya ya kai hannu gemunsa. Ya cika sharaɗin sarai. Matsalar ita ce shekara goma sha biyar yana shafa wa gemunsa baƙin rini duk Juma'a, yana rantsuwa bai kai hamsin ba. Hatta Jaji, wanda suka kwanta ɗakin kaciya ɗaya, "Baba Jaji" yake kiransa a bainar jama'a, har da ɗan rusunawa.

A gida matarsa Mairama ta same shi tsaye gaban madubi.

"Malam, sai ka zaɓa," ta ce. "Ko gemun, ko tumatirin."

Ya zaɓi tumatir. Ya sa wanzami ya kwashe gemun tas, ya jira kwana biyar furfura ta tsiro fara sol, sannan ya nufi wurin Jaji, don majalisa ta ce sai da shaida.

"Jaji, ka gaya musu tare aka yi mana."

"Ni? Yaro, ina na san ka? Ai ni babanka ne."

Sai da Tambaya ya tsaya gaban taro ya faɗi sunan wanzamin da ya yi musu, ya kuma faɗi wanda ya fi kowa ihu a ranar, wato shi kansa, sannan Jaji ya share hawayen dariya ya ce ya tuna. Kunya ta kama Tambaya kamar ya nutse, amma ya daure, hankalinsa na kan gona.

Aka ba shi wuri a bakin tabarma. Ya gyara murya zai kawo kukansa, sai shugaban majalisa ya ɗaga hannu.

"Dakata. Daga babba ake fara magana. Mun duba, kai ne autanmu. Jaji ma ya girme ka da damina guda."

Dattawa goma sha ɗaya suka yi magana. Kowanne ya faro daga zamanin da taki ke da araha, ya bi ta kan ciwon gwiwarsa, ya sauka a gonarsa. Kafin a zo kan Tambaya an rabe kwanakin kaf, ladan kuma ya kira azahar.

"Ranka ya daɗe, ni fa? Tumatirina ba zai ƙara mako ba."

"Sai zama na gaba, bayan sati biyu in Allah ya kai mu." Shugaba ya laluba aljihu ya miƙo masa makullin ƙofar ruwa. "Ungo. Auta shi ne ɗan aike. Je ka buɗe wa Jaji, yau ranarsa ce."

Tambaya ya taka cikin rana har bakin kanal, ya murɗa ƙarfen da hannunsa. Ruwa ya taho da ƙarfi, ya karkata cikin albasar Jaji. Daga inda yake tsaye yana hango tasa gonar, ganyenta ya fara yin ja don bushewa. Ga makullin ruwan gari duka a hannunsa, kuma da yamma sai ya mayar.