Kwanon da Ke Kan Katanga

A unguwar Kado ta babban birnin tarayya, a shekarun da aka koma mulkin farar hula, gine-gine na ta tashi ko'ina, akwai gidaje biyu da wata gajeriyar katanga ta raba. Ɗaya na Hajiya Hadijatu ne, 'yar Funtuwa mai aiki a ma'aikatar tarayya, da 'yarta Hafsah mai shekara tara. Ɗayan na Christina ne, mutuniyar Pankshin mai sayar da kifi a kasuwa, da tata 'yar, Prudence. Babu gidan da ya rasa abinci. Dangi suka rasa, don duk sun baro nasu a gida.

Matan biyu ba sa ga maciji da juna. Hajiya ta tsani hayaƙin bandar kifi da ke kama mata shanya, Christina kuma ta gaji da ƙarar janareta. Hafsah dai ba ta da ƙawa sai Prudence.

Ranar Kirsimeti da hantsi, Prudence ta shigo da kwano a rufe, shinkafa da kaza.

"Wa ya yanka?" Hajiya ta tambaya, ba ta ko ɗaga murfin ba.

Prudence ta ce ba ta sani ba.

"Mayar mata. Ki ce an gode."

Ba a jima ba kan Christina ya bayyana a saman katanga. Ta dire kwanon a kai.

"Maman Hafsah, ni za ki mayar wa abinci? Da ƙafata na kai kazar nan wurin Malam Manniru mahauci ya yanka, saboda ke. Tukunya ma sabuwa na sa."

"Na roƙe ki ne?"

"Ai ko a ƙauyenmu mun san haƙƙin maƙwabci. Ke da kike zama ofis mai sanyi, ba a koya miki ba?"

"An koya mini kada in shaƙe mutane da warin kifi."

"To, madam. Kwano na nan. Ban ɗauka." Christina ta juya ga 'yarta. "Ke kuma, gidan da ake ƙyamar abincinmu, kada in ƙara ganin ƙafarki a ciki."

Hafsah na tsaye a tsakar gida tana jin su. Ta dubi kwanon, rana na dukansa, ƙudaje sun fara kewaye murfin. Ta san halin uwarta, ta san halin Christina. In aka bar su, abincin zai lalace a wurin, ita kuma ta rasa Prudence.

Ta jawo bokiti ta kife, ta hau, ta buɗe kwanon. Ta yi bismillah da ƙarfi yadda kowa zai ji, ta kai loma, sannan ta ɗauki cinyar kaza.

"Hafsah, sauko," in ji Hajiya a hankali, irin muryar da ta fi tsawa ban tsoro.

Ta sauko da kwanon a hannu, tana jiran duka. Amma Hajiya kwanon take kallo. A gidan da ta tashi, kwanon maƙwabci in an ci daga cikinsa ba ya komawa haka nan. Ta ja tsaki, ta shige kicin.

Da la'asar ta cika shi da dambun shinkafa mai zogale, ta jera soyayyen nama a sama har murfin ya ƙi rufuwa.

"Hafsah, kai mata. Kada ta ce na ci nata na lashe baki."

Christina ta ɗanɗana, ta taɓe baki. "Gishiri bai ji ba." Amma ta ƙara loma. Bayan kwana biyu kwanon ya dawo da gwaten acca, Prudence ce kuma ta kawo shi, don dole wani ya ɗauko.

Haka aka ci gaba. Kowace na ƙoƙarin fin 'yar'uwarta iya girki, kowace na kushe na ɗayar bayan ta cinye. Har aka shekara ba su gaisa ba, janareta bai daina ƙara ba, hayaƙi bai daina tashi ba.

Hafsah ta gane cewa muddin kwanon nan yana kai da komo, ba wanda zai hana ta ganin Prudence.